Kififiyar Kaka da Tukwanena Uku

Yaran yanzu in sun ga tsoho zaune a inuwa yana korar ƙuda, sai su ɗauka haka aka haife shi. To bari in faɗa da bakina tun wani bai riga ni ya ɓata labarin ba: a duk faɗin Damargu, daga Tanut har kwarin Tarka, ni na fara tace ruwa da ilimin boko. Mai gardama ya kawo shaida. Nawa shaidun duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, saboda haka ba mai ƙaryata ni. Abin da kawai ba na so a tambaye ni shi ne wa aka tace wa ruwan. Amma tun da na san halinku, ga amsa: kififiya ce.

A shekarun farko ne bayan an samu ƴancin kai. Ƙauyenmu ba shi da nisa da Falanko. Ina da mata da ɗa guda a goye, muna zaune a gidan babana. Batun karatu kuwa, an kama ni lakol, wato makarantar boko, ina yaro, na yi aji uku a Tanut, sannan aka duba aka ga hannuna ya fi dacewa da hauya. Na fito da ƙirga da Faransanci, da zagi guda biyu masu kyau, da wani zane da malaminmu, wanda muke kira mushe, ya taɓa yi mana a allo: tukunya, a cikinta tsakuwa da yashi da gawayi, ruwa mai dauɗa na shiga ta sama, mai kyau na fita ta ƙasa. Ranar ban yi barci a aji ba. Allah ne ya san dalili.

A ƙasarmu, in an haƙa rijiya har ta ba da ruwa, sai a nemo kififiya a saka. Ita ke cinye tsutsa da ƙwaro da duk abin da ya faɗa ciki. Tsofaffi na cewa rijiyar da ba kififiya gida ne ba mai shara. Rijiyar garinmu kakana ne ya haƙa ta shi da ƴan'uwansa, shi ya kamo kififiyar a tabki ya kawo ta cikin hularsa, ba ta fi bakin ludayi ba. Kakata a lokacin amarya ce, ita ta sa ta a guga aka zura. Shi ya rasu tun ban yi wayo ba. Ya bar mata babana, da rijiya, da abin da ke cikin rijiya.

A wannan shekarar, bayan damina, rijiyar ta rufta. Waɗanda suka shiga dubawa suka ce ba ta gyaruwa, sai dai a haƙa sabuwa a gefe. Da za su fito suka fito da kififiyar daga cikin laka, ta yi faɗin faifai, bayanta baƙi ƙirin. Kaka ta naɗe ta a gefen zanenta ta kai gida, ta sa ta a babbar kwatarniyar da take jiƙa gero, ta cika da ruwa. Ta ce nan za ta zauna har sabuwar rijiya ta ba da ruwa, ta mayar da ita da hannunta kamar yadda ta yi da fari.

Magana mai sauƙi a baki. Amma ruwan Damargu ba ya gaggawa. Sai ka yi ta haƙa har ka fara jin tarin mutanen da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa, sannan ka ga danshi. Kowa ya san aikin zai ci rani gaba ɗaya. Kafin nan ruwan sha sai a wata rijiyar makiyaya, tafiya mai nisa. Mata su kora jakuna da salkuna tun da safe, su je su yi jira bayan raƙuma da shanu, su dawo rana ta take. A gidanmu matata ce mai zuwa.

Ita kuwa kififiya Kaka ta ɗauke ta baƙuwa, baƙo kuma a gidan Bahaushe fura ake dama masa. Kullum sai ta zuba mata ludayi guda a cikin kwatarniya, har da ɗan nono in an samu. Ban sani ba ko kun taɓa shaƙar ruwan da fura ta kwana a ciki, kififiya kuma ta yi abin da kowane mai rai ke yi. In ba ku taɓa ba, ku gode wa Allah. Kafin ka ce me, sai an zubar an sake, kwatarniyar kuwa tana shanye kusan salka guda.

Matata ba ta kai ƙara wurin manya ba, tarbiyya gare ta. Ni ta samu.

"Ni dai da za a kawo ni, cewa aka yi gidan manoma ne," in ji ta, tana sauke salka, goyo na kuka a bayanta. "Ba wanda ya gaya mini akwai sarauniya mai wanka."

"Ki yi haƙuri."

"Ni na yi. Jakin ne ya ce in tambaya."

Magana ta isa kunnen babana. Sai dai akwai wata matsala. Babana ɗan fari ne, Kaka ba ta faɗin sunansa, ba ta duban idonsa ta yi masa magana. Shi ma ya tashi da wannan kunyar har ta zama masa jiki. In suna da magana, sai an samu na uku a tsakani, ko da kuwa tabarma ɗaya suke zaune. Na ukun nan ni ne. Tun ina yaro ni ne wayar gidanmu.

Da la'asar, muna ƙarƙashin rumfa, babana ya dubi akuya ya ce da ni, "Ka gaya wa Inna, ruwan gidan nan na masu alwala ne da masu shayarwa. Ranar kasuwa zan ɗauki abin nan in kai rijiyar makiyaya in zuba. Can ma ruwa ne."

Kaka tana kaɗi, ba ta ɗaga kai ba. "Angona," haka take kirana, irin wasan kaka da jika, "ka gaya wa wancan, kififiyata ba ta zaman agola a rijiyar wasu. Ka kuma tuna masa ta girme shi. Ruwan da aka fara yi masa wanka da shi, ita ta share shi."

Na juya zan isar da saƙo, babana ya ce ya ji.

Na ga mazarin Kaka ya tsaya, abin da ban saba gani ba. Ta san in maigida ya yanke magana ta yanku, ko da ɗanta ne. Ta kuma san duk abin da ya shiga waccan rijiyar ba ya dawowa. A nan ne zanen mushe ya faɗo mini.

Na gyara murya na ce, "A ba ni tukwane uku."

"Ka ci tuwo a ciki?" in ji babana.

"In tace ruwa. Ruwan da ke cikin kwatarniyar nan, shi za ta yi ta zama a ciki, ba sai an sake ba. Ƙwarya ɗaya kawai za a riƙa ƙarawa saboda abin da rana ta sha. Haka Nasara ke yi."

"Nasara na kiwon kififiya?"

"A ƙasarsu kowane gida akwai," na ce, don na san ba mai zuwa ya duba.

Ya daɗe yana kallona irin kallon da ake yi wa jakin da za a saya. Sannan ya ce ya ba ni zuwa tsayuwar wata. In wata ya tsaya gida na wari, ko aka taɓa salka saboda ita, to shi da jaki da kififiya sun kama hanya.

Washegari na fara aiki kamar injiniya. Na samo tsofaffin tukwane uku, na huda gindin kowace da ƙusa a hankali, na toshe hujin da ɗan tsumman rawani. Na kafa gwafanni a gefen kwatarniya, na jera tukwanen wata bisa wata. Ta sama na zuba tsakuwa da zaren kaba, ta tsakiya yashi, ta ƙasa gawayin da na daka. Yaran unguwa suka cika gida. Na sa aka matsa baya, don aikin ilimi ba ya son numfashin jahilai. Na ɗebi ruwan kwatarniya da ƙwarya na juye a ta sama, na harɗe hannu ina jira.

Ya ɗiga. Baƙi wuluk, sai ka ce tawada.

Kaka ta tara tafin hannunta, ta duba, ta dube ni. "Angona, rubutu za ka ba ta ta sha? Wane malamin ya ce tana da iska?"

Yara suka fashe. Matata ta shige ɗaki, amma ina jin dariyarta ta cikin zana.

Mutum mai ƙaramin sani da nan ya tsaya. Ni kuwa nan take na gane mushe ne ya manta bai faɗa mana a wanke gawayi da yashi ba. Ko kuma ya faɗa a ranar da na yi barci. Tun da ba ni da izinin taɓa ruwan gida, sai na ɗora kayana a jaki na bi mata zuwa rijiyar makiyaya. Na tsuguna a bakin kwamin da dabbobi ke sha, ina wanke yashi a ƙwarya, ina tsiyayewa, ina sakewa. Wani dattijon Bafillace ya jingina da sandarsa ya daɗe yana kallona.

"Sannu da aiki, Kaɗo."

"Yawwa, sannu."

"Ƙasa kake wankewa?"

"Ita."

Ya dubi gabas, ya dubi arewa, rairayi iya ganinka. Ya ce, "To Allah ya ba da sa'a. In ka gama wannan, da sauran aiki a gabanka."

A wannan zuwan na koyi abu biyu. Rairayin tudu mai laushi ba ya yi, toshewa yake kamar kunu, sai yashin ƙorama mai ƙwaya. Gawayi kuma ba a daka shi ya zama gari, farfasa shi ake kamar ƙwayar gujiya. Na dawo na sake jeri. Wannan karon ruwa ya fito ba laifi. Na yi ta yawo a tsakar gida ina gyaran hula.

Ba a jima ba tukunyar sama ta daina ɗiga. Na leƙa, sai na tarar da fura ta kwanta a kan tsakuwa ta yi tsami, har da kumfa. Na san in na ce da Kaka ta daina ba baƙuwarta fura, gara in ce ta daina salla. Sai na bi ta wata hanya.

"Amarya," na ce, "ke da kike ƴar gidan mutunci, a ina kika taɓa ganin an kai wa baƙo abinci a makewayi?"

Ta ajiye mazari. "Me kake nufi, ɗan nema?"

"Inda take wanka, nan take kewayawa, nan kuma kike kai mata fura. In labari ya fita, me za a ce da gidanmu?"

Ta ce lalle maganar mahaukaci wani lokaci akan tsinci ta hankali a ciki. Daga ranar aka ware wa kififiya akushi. Da safe a ɗauko ta a sa ta ciki da ɗan ruwa, a ba ta fara da gara da hanjin kaza in an yanka, Kaka ta ɗiga furarta don kada al'ada ta mutu, in ta gama a mayar da ita. Ruwan akushin a ba bishiyar lalle. Ni kuma safe da yamma in kwashe na kwatarniya in juye a sama, in tsame dauɗar gindi da ludayi. Na kafa zana ta tare rana.

Jama'a, ruwa ya yi kyau. Ya yi garau har kana ganin zanen da maginiya ta yi a gindin kwatarniya. Wari ya tafi. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo, har mai gari ya aiko a gani masa. Babana ya wuce ya leƙa, bai ce komai ba, wanda a wurinsa yabo ne babba.

Sai kififiya ta daina cin abinci.

Ta janye kai da ƙafafu, ta lafe a gefe guda kamar dutse. A sa ta a akushi, ko motsi. Na kawo mata fara mai rai, ta yi tsalle a kan bayanta ta tafi abinta. Na canza gawayi. Na ƙara tacewa, ruwa ya ƙara haske, ita kuma ta ƙara shigewa cikin ƙoƙonta. Kaka ta daina yi mini ba'a, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Tuwonta ya fara dawowa da saura. Takan zauna a bakin kwatarniya da carbi, ba ta kaɗi. Wata kuwa ya kusa tsayawa, masu haƙa kuma sun ce har yanzu ba su taɓa ƙasa mai sanyi ba.

Babana ya dubi akuya ya ce da ni, "Ka gaya wa Inna, gara ta rayu a rijiyar wasu da ta mutu a kwatarniyarmu." Wannan karon ba da faɗa ya faɗa ba.

Ina tsugune gaban tukwanena ina tunanin ko akwai tukunya ta huɗu da mushe ya ɓoye mana, sai matata ta dawo daga rijiya. Ta sauke salka, ta zo ta tsaya a kaina. Yara biyar ko shida na kewaye da kwatarniya suna leƙe, wani na nuni da kara.

"Mushe," in ji ta, haka take kirana in za ta tsokane ni, "shekara nawa ta yi a rijiya?"

"Tun kafin a haifi Baba."

"A cikin duhu."

"To?"

"Wa ya taɓa ganinta a can?"

Ta nuna yaran da ke leƙe, ta ci gaba.

"Ka ɗauko baiwar Allah, ka tuɓe ta, ka ajiye ta a tsakar gida, gari duk na zuwa kallo. Ni da aka kawo ni gidan nan, ka manta inda na yi kwanakina na farko? Bayan ƙyaure. Ko ruwa ban iya sha ba in ana kallona."

Ta kori yaran. Ta shiga ɗaki ta fito da wani kasko da ya fashe biyu, wanda take tuya a ciki da, ta wanke rabi da ruwan shanta, ta kifa shi a cikin kwatarniya ya zama kamar ɗan ɗaki mai ƙofa ɗaya. Ta ɗauko faifai ta rufe rabin bakin kwatarniyar. Sannan ta ce kowa ya ba ta wuri, har da injiniya.

Da muka dawo bayan la'asar, ba kififiya a fili. Ta shige ƙarƙashin kasko, sai ɗan hancinta a bakin ƙofa. Da safe Kaka ta jefa fara ɗaya ta juya baya, kamar yadda ake yi wa baƙo mai kunya. Muka ji ɗan motsin ruwa. Da ta waiwaya, ba fara.

"Angona," ta ce, "ka ga matar nan taka? Ka riƙe ta. Kai dai tukwane gare ka."

Ina so a rubuta wannan da kyau saboda masu zuwa: kasko nata ne, ban musa ba. Amma ba don ruwana ya yi haske ba, da wa zai san kififiya na da kunya? Ilimi ne ya tono matsalar. Na sha faɗa mata haka har ta tsufa, ba ta taɓa yarda ba.

Wata ya tsaya. Babana ya zo ya tsaya a bakin kwatarniya, ya shaƙa, ya leƙa bai ga kowa ba sai kasko. Ya ɗauki jakinsa ya tafi kasuwa shi kaɗai. Haka muka ci sauran rani, ƙwarya ɗaya a yini, ni da tukwanena safe da yamma. Abin mamaki, mai cewa sarauniya mai wanka ita ce ta koma kamo mata fara a hanyar rijiya, tana ƙullowa a bakin zane.

Ana cikin zafin bazara, hadari ya fara leƙowa ta gabas, sai muka ji guɗa daga bakin sabuwar rijiya. An samu ruwa. Aka bar shi ya kwanta, aka yi sadaka, sannan mai gari ya aiko a gaya wa Kaka rijiya na jiran mai shara.

Ta sa zanenta na saƙi wanda ba ta ɗaurawa sai da salla. Ta naɗe kififiyar a gefensa, muka bi ta a baya, gari duk ya fito. Ta sa ta a guga da hannunta, ta tofa bisimilla. Da aka ce wa zai riƙe igiya, na matso, don a ganina hakkina ne. Babana ya ture ni da kafaɗa ya karɓa.

Ya fara saki. Rijiyar Damargu ce, igiya na tafiya kamar ba za ta ƙare ba. Can sai gugan ya bugi gefe, muka ji ƙarar daga ƙasa. Na buɗe baki ina jiran a ce angona ka gaya wa wancan. Sai na ji Kaka, idonta a kan babana, ta ce, "A hankali, kai."

Babana ya tsaya cak. Furfura a gemunsa, amma sai da kunnuwansa suka motsa. Ya ce, "To, Inna." Ya ci gaba da saki kamar mai sauke ƙwai, har igiya ta yi sako-sako. Ya ɗan jira, ya jawo. Guga ya fito cike da ruwa, ba kowa a ciki.

Kaka ta kamfaci ruwan ta kurɓa, ta ce da ɗan gishiri-gishiri amma zai gyaru, tun da mai gida ta shiga. A hanyar komawa ta riƙa yi mini ba'a har ƙofar gida, wai an sallame ni daga aiki, in nemi wata kififiyar ko in koma hauya.

Tukwanen ba su yi zaman banza ba. Da damina ta sauka, mutane suka koma shan ruwan tabki saboda ya fi kusa, matata ta ƙone su da wuta, ta sa ni na wanko sabon yashi da sabon gawayi, ta jera su a kan randarmu. Duk baƙon da ya sha ya yaba, sai ta ce aikin mijinta ne, ya yi lakol. In ya tambaya a ina na ƙware haka, sai in yi sauri in kawo zancen farashin gujiya, kafin ta buɗe baki.